Wifin gida, maƙwabci da ɗan damfara: amsoshin tambayoyin da ake yawan yi daga Garwa zuwa Kuseri

Aikina haɗa modem a gidaje da shaguna, kuma tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda ake jefo mini ina tsaye da waya a hannu, ko a biyo ni da su ta WhatsApp bayan isha'i. Wasu na fasaha ne, wasu kuwa ko limamin unguwa za a iya yi wa su. Na amsa kowace gwargwadon nauyinta.

An kunna mini modem, intanet na zuwa. Da sauran wani aiki ne?

Da saura, Alhaji, kuma shi ne aikin da kusan kowa ke tsallakewa. Modem kalmar sirri biyu gare shi. Ɗaya ita ce kod ɗin wifi da kake ba iyali. Ta biyun ita ce ta shiga cikin saitunan akwatin kansa, kuma ita ce babba. Juya modem ɗin ka dubi ƙasansa, akwai 'yar takarda a manne da adireshi kamar 192.168.1.1 ko 192.168.8.1, da suna da kalmar sirri, sau da yawa duka biyun "admin". Duk wanda ya hau wifinka, in ya buga wannan adireshi a wayarsa, ya shiga. Daga nan yana iya canza kod ya rufe ka a waje, da kuɗinka da akwatinka. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kama ɗimbin kyamarori da modem a duniya, ba da wata ƙwarewa ba, gwada kalmomin sirrin da kamfani ya saka kawai take yi, tana tarar da su yadda aka baro su daga masana'anta.

To ka canza wannan kalmar sirri ta shiga saituna tun ranar farko. A wajen tsaro ka zaɓi WPA2, ko WPA3 in akwatin sabo ne. In ka ga WEP kaɗai, akwatin ya tsufa, yaro mai haƙuri zai fasa shi. Akwai kuma wani abu da ake kira WPS, wanda tun 2011 aka gano raunin lambarsa, kashe shi. Kod ɗin wifi kada ya zama lambar wayarka, ko 12345678, ko sunan autarka da shekarar haihuwarta, duk unguwa ta san waɗannan. Haɗa kalmomi huɗu da ba su da dangantaka, ka gauraya Hausa da Fillanci ka ƙara lamba, ya fi tsawo kuma ya fi sauƙin tunawa. Sunan wifin ma, bar sa "Gidan Alhaji wane".

Forfe ɗin wata na ƙare mini kafin sati biyu. Sata ake yi?

Wani lokacin sata ce, amma kafin ka zargi maƙwabci ka fara da cikin gida. Waya idan ta ji wifi, ɗauka take yi kyauta ne: ta hau sabunta manhajoji, ta kwashe hotuna ta tura ma'ajiyar Google, ta sauke duk bidiyon da aka jefa a kowane rukunin WhatsApp. Waya shida a gida suna wannan, ga TikTok, ga YouTube a talabijin tun safe. A cikin saitunan kowace waya ana iya nuna mata cewa wannan wifin na awo ne, a kuma hana WhatsApp sauke bidiyo da kansa.

In kana son tabbaci, shiga saitunan modem ka duba jerin na'urorin da ke haɗe. Ƙirga wayoyin gidanka. In ka ga goma sha biyar alhali ku bakwai ne, fita bayan isha'i ka dubi dakalin da ke jikin katangarka. Samari a jere, ba mai hira da wani, hasken waya a fuskar kowa. Yawanci ba fasa kod suka yi ba. Ɗanka ya ba abokinsa ɗaya, wayoyin Android na yanzu kuma suna fito da kod ɗin a hoton QR, wani ya ɗauka ya ba wani. Akwai ma manhajojin "wifi kyauta" da ke kwashe kod ɗin duk gidan da wayar ta taɓa shiga su raba wa jama'a. Magani shi ne canza kod, a kuma ƙayyade adadin na'urorin da za su iya hawa a lokaci guda.

Maƙwabcina ya roƙe ni kod, kuma ina jin nauyin hana shi. Yaya zan yi?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace yawa, kuma ba na yi mata amsar gaggawa. Mutumin da kuke sahu ɗaya a masallaci, matarsa ta zauna da taka ranar haihuwa, ba ka iya kallon idonsa ka ce a'a saboda intanet. Ni ma ba na ba da shawarar rowa. Abin da nake so ka sani kafin ka bayar shi ne, layin da ke cikin modem ɗin da katin ɗan ƙasarka aka yi masa rajista. In wani ya hau ya yi damfara, ko ya yi wa wani barazana, sawun da masu bincike za su fara bi ƙofar gidanka zai kawo su. Kana iya wanke kanka daga baya, amma ka riga ka sha zaman ofishin jandarma. Abu na biyu, wanda ke kan wifi ɗaya da kai yana iya ganin sauran na'urorin gidan, kamar kyamarar tsaro ko kwamfutar da aka bar fayilolinta a buɗe.

Wifi kamar gida ne mai zaure: baƙo a zaure ake saukarsa, ba a ɗakin uwargida ba. Yawancin modem suna da wannan zauren, wato wifin baƙi, wanda a saitunan Faransanci za ka ga an rubuta « réseau invité ». Suna daban, kod daban, yana ba da intanet amma ba ya kaiwa ga na'urorinka. Shi za ka ba maƙwabci. Ka shigar masa da hannunka, ka kuma faɗa masa a fili cewa nasa ne shi da iyalinsa, kuma kana canza kod duk ƙarshen wata. In an faɗi haka tun farko, ranar da aka canza ba wanda zai ce an wulaƙanta shi.

In buƙatarsa ta kullum ce, ku daina zancen alfarma, ku yi karo-karo. Kowa ya san abin da zai kawo da ranar kawowa. Na ga gidajen haya a Garwa da ɗakunan ɗalibai a Dang, unguwar jami'ar Ngaundere, inda wannan tsari ke tafiya lafiya shekara da shekaru, na kuma ga inda ya ɓata zumunci, kuma a duk inda ya ɓaci, ba a yi maganar kuɗin a sarari ba tun farko. Sayar wa unguwa intanet da tikiti kuwa sana'a ce daban, tana ƙarƙashin ART, hukumar da ke sa ido kan harkar sadarwa, kuma kwangilar da ka sa wa hannu da kamfani ta yiwu ta hana.

Na tarar da wifin wani a buɗe ba kod. Laifi ne in hau?

Ƙanena, megan da ka sha da kuɗi ya saye shi, kuma rashin iya kulle abu ba kyauta ba ce. Je ka tambaye shi, ka kuma gaya masa wifinsa a buɗe yake. Shiga tsarin wani ba tare da izini ba yana cikin abin da dokar Kamaru mai lamba 2010/012 ta 21 ga Disamba 2010 ke hukuntawa.

Mai wifi yana iya karanta saƙonnina?

Saƙon WhatsApp, a'a. Tun 2016 a kulle yake daga wayarka zuwa wayar wanda ka tura wa. Shafukan da adireshinsu ya fara da https su ma ba a ganin abin da ke ciki. Amma mai modem, in ya san hanya, yana iya ganin sunan shafin da ka shiga, da ƙarfe nawa, da yawan abin da ka sha. A wifin otal ko na tashar mota, ka tambayi ainihin sunansa a wurin ma'aikaci, don ana iya kafa na bogi mai kama da shi. Harkar banki ka yi ta da megan layinka.

An turo mini saƙo wai kuɗi sun shigo bisa kuskure, sai ga kira ana roƙo in mayar. Gaskiya ne?

Hajiya, kada ki mayar da ko dala sai kin duba asusunki da kanki. Ga yadda ake yi. Saƙo ya shigo, an kwaikwayi rubutun kamfani tsaf: kin karɓi sefa 50,000, ga lambar ciniki, ga sabon jimla. Kafin ki gama karantawa waya ta yi ƙara. Murya a karye, wai kuɗin maganin mahaifiya ne, tana kwance a asibiti, lamba ɗaya ya kuskure, don Allah don Annabi. Dubi saman saƙon: daga lambar mutum ya fito, ba daga sunan kamfani ba. Buga *126# in MTN MoMo ne, ko #150# in Orange Money ne, ki ga abin da ke ciki. Za ki tarar ba abin da ya ƙaru. In ma da gaske kuɗin sun shigo, ki ce ya kira kamfani su janye da kansu.

Ɗaya salon kuma, wani ya kira da Faransanci mai santsi, wai daga ofishin kamfani, za a rufe layinki yau in ba a sabunta ba, ko kin ci kyauta. Sai ya ce ki buga wasu lambobi, ko wani saƙo zai fito a fuskar waya ki sa lambar sirri ki tabbatar. Abin da kike tabbatarwa cire kuɗi ne daga asusunki. Ma'aikacin gaskiya ba ya tambayar lambar sirri, ba ya buƙatarta. Wasunsu yanzu da Hausa ko Fillanci suke kira, har su ambaci sunanki, kuma wannan ne ke kwantar wa mutane da hankali. Sunan ba abin mamaki ba ne, duk wanda ya fara tura kuɗi zuwa lambarki zai ga sunan mai layi kafin ya tabbatar.

Alamar da ba ta canzawa ita ce gaggawa. Ba sa barin mutum ya kashe waya ya yi shawara da ɗansa. In an riga an cuce ki, kira kamfani nan take, ki adana saƙonni da lambar, ki kai ƙara wurin 'yan sanda ko jandarma. ANTIC, hukumar da ke kula da tsaron intanet, ita ma na karɓar rahoton irin wannan. Kada kunya ta sa ki yi shiru, manyan 'yan kasuwa masu lissafin miliyoyi da ka sun faɗa wannan rami.

An ƙwace mini WhatsApp, ana roƙon mutane kuɗi da sunana.

Kusan kullum ta hanya ɗaya ce. Wani ya ce za a sa ka a rukunin tallafi ko na taron ƙungiya, ko "na turo maka lamba shida bisa kuskure, karanto mini". Lambar nan ta rajistar WhatsApp ɗinka ce, ka karanta, ya koma wayarsa. Sake shigar da lambar wayarka a manhajar, sabon kod zai zo ta SMS, da ka sa shi an fitar da ɓarawon. In ya riga ya kafa tasa lambar sirrin, za ka iya jiran kwana 7. A tsakanin nan ka kira dangi da abokan ciniki da baki ka sanar. Wanda abin bai same shi ba tukuna, ya shiga saituna yanzu ya kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ya kuma duba wurin na'urorin da aka haɗa, « Appareils connectés », ya fitar da duk wadda bai sani ba. GB WhatsApp da 'yan uwanta da ake tura wa juna ta Xender, ba kamfanin ne ya yi su ba, ba ka san hannun da suka bi ba, kuma ana rufe layi saboda su.

Ina zargin matata. Za ka iya sa mini abin da zan riƙa ganin saƙonninta?

Ba na yin wannan aiki, Malam, ko nawa ne, kuma mata ma suna kawo mini irin wannan buƙata a kan mazajensu, amsar ɗaya ce. Aya ta 12 a Suratul Hujurat ta hana bin diddigin asirin juna, dokar 2010 ma ta hana kutse cikin saƙonnin wani. Ban da haka, yawancin manhajojin leƙen asirin da ake tallatawa su kansu tarko ne, hotunan iyalinka za su kwasa su kai inda ba ka sani ba. Rabin saƙo kuma ba ya ba da cikakken labari, mai zargi duk abin da ya karanta zarginsa zai gani a ciki. In akwai magana, akwai waliyyai da manya.

Tunda an zo nan, bari in ƙara da abin da ba a tambaya ba. Hoton sirri, ko tsakanin miji da mata ne, in ya shiga waya ya fita daga ikon mai shi. Waya na ɓata, ana kai ta gyara, aure na mutuwa. Wadda aka yi wa barazanar yaɗa hotonta kada ta biya, don wanda aka ba sau ɗaya zai dawo. Ta adana shaidar, ta samu babba ɗaya da ta yarda da shi, a kai ƙara. Mai yaɗawa shi ne mai laifi a gaban doka.

Yarana ba sa ajiye waya. In cire wifin gaba ɗaya?

In ka cire, dakalin wani za su koma, inda ba ka ganinsu. Gara a gida. Facebook da TikTok da kansu sun sa shekara 13 a matsayin mafi ƙaranci, yara ƙarya suke yi wajen rajista. Kamaru ta kafa dokar kare yara a intanet a Yulin 2023, amma doka ba ta shiga ɗakin yaro da ƙarfe ɗayan dare. Abin da ke aiki ƙanana ne: modem ya kwana a kashe daga wani lokaci da kowa ya sani, wayoyi su kwana a falo, ƙaramin yaro a sa masa Family Link na Google don a ƙayyade masa lokaci da manhajoji. Sai uban ma ya ajiye tasa, in ba haka ba dokar ba ta kai sati.

Wani abu da nake gani yana damuna: a ƙwace wayar 'ya mace gaba ɗaya, a bar namiji da tasa har asuba. Yarinyar da ke shirin jarrabawar bakaloriya tana buƙatar intanet kamar yayanta, shi kuma ga cacar ƙwallo na cinye masa kuɗin makaranta ba wanda ya duba. Ku sa yaro ya san cewa in wani baƙo ya fara yi masa maganar banza ko neman hoto, zai iya faɗa muku ba tare da an fara da duka ba. Wanda ya san bulala ce za ta tare shi, ɓoyewa zai yi.

Ni turawa kawai na yi, ba ni na rubuta ba. Da laifina?

Sashe na 78 na dokar 2010 bai tsaya kan marubuci ba, ya haɗa da mai yaɗawa. Wanda ya watsa labari ta intanet ba tare da iya kawo hujjar gaskiyarsa ba, ko dalilin da ya sa ya gaskata, yana fuskantar ɗaurin wata 6 zuwa shekara 2, ko tarar sefa miliyan 5 zuwa 10, ko duka biyun. A yankinmu abin ya wuce zancen tara. Mutanen Mora da Kolofata da Fotokol sun ga harin Boko Haram da idonsu, saƙon murya ɗaya na "ga su nan tafe" ya isa ya watsa kasuwa. Sau da yawa bidiyon da ake haɗawa da shi tsoho ne, ko daga wata ƙasa. Haka saƙon da ke ɗora laifi a kan wata ƙabila bayan rikicin manoma da makiyaya. Kafin ka tura, tambayi wanda ya turo maka a ina ya samu. In ya ce shi ma gani ya yi, ya tsaya a wayarka. Shugaban rukuni kuma yana da ikon goge saƙo ga kowa, ya yi amfani da shi.

Intanet ya ɗauke ko'ina. Gwamnati ce? In sa VPN?

Yana faruwa. A 2017 an yanke intanet a yankuna biyu masu magana da Ingilishi na Kamaru daga Janairu zuwa Afrilu. A Chadi an toshe kafofin sada zumunta daga Maris 2018 har Yulin 2019, kuma a lokacin ne mutanen Njamena da yawa suka koyi VPN, manhajar da ke zagayawa da kai ta wata hanya ka shiga shafin da aka toshe. Amma ba kowace ɗaukewa ce siyasa ba. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku ne suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, ƙasashe da dama suka shiga duhu har da mu. Wani lokacin kuma wayar ƙasa ce aka sare wajen aikin hanya tsakanin kudu da arewa. VPN na tsallake toshiyar wani shafi, ba ya kawo intanet inda babu. Na kyauta kuwa ka yi hattara, duk zirga-zirgarka ta hannun mai shi take bi, kuma da wani abu yake cin riba.

Mutanen Kuseri, ku kashe yawon layi, wato « itinérance », a saituna. A bakin Logon waya na iya tsallakawa rezon Chadi da kanta ba ka taka gadar Ngeli ba, kuɗi su tafi.

Abokina ba shi da katin ɗan ƙasa, ya ce in yi masa rajistar layi da nawa.

Duk abin da layin ya aikata, sunanka ne a kai. Haka kwafin katinka, kada ka bar shi barkatai a shago ko ka tura hotonsa ga wanda ya yi maka alkawarin aiki a Facebook, da irinsa ake buɗe layukan damfara. In za ka ba da kwafi, rubuta a jikinsa dalilin bayarwa da kwanan wata.

Zan kai waya gyara, ko in sayar da ita. Me zan cire?

In gyara ne, cire layi da katin ajiya. Canjin gilashi ko batir ba ya buƙatar lambar buɗe waya, in kuma dole sai an gwada, ka tsaya a gwada a gabanka. Sababbin wayoyin Samsung suna da yanayin gyara da ke ɓoye hotuna da saƙonni har ka karɓo. In sayarwa ce, kwashe abin da kake so, fita daga asusun Google da WhatsApp, sannan ka mayar da wayar yadda ta fito daga kamfani. Goge hotuna ɗaya bayan ɗaya bai wadatar ba, suna zaune a kwandon shara na kwanaki. Modem ma haka: akwai ɗan rami a bayansa, ka danna da tsinke na daƙiƙa goma har fitilun su ɗauke su dawo, kafin ka miƙa wa mai saye.